Zazzau, Inda Ƙwaro Ma Ake Bin Salsalarsa

Ba don ƙwaro na je Zariya ba. Ganuwa na je gani, da rimayen birni, da Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Na shiga ta Ƙofar Doka, na ga abin da ake faɗa, ya kuwa kai. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, a kwanon wake na tsince shi, a kasuwar cikin birni.

Dattijon da ke awo ya ga ina jujjuya wata ƙwaya mai huda. "Malam, wannan aikin na rumbu ne," in ji shi. "Akwai na gona, ɗan baƙi mai dogon baki, tun wake na cikin kwanso yake shigarsa. In kana son saninsu, ƙarasa Samaru."

Na kuwa ƙarasa. A nan Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda tushenta ke komawa 1922, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tana da ɗakin ajiyar ƙwari: akwatuna masu murfin gilashi, kowane ƙwaro a soke da allura, ƙarƙashinsa ɗan guntun takarda mai sunansa da inda aka kama shi. Masu bincike daga wasu jami'o'i sukan aiko da nasu don a tantance musu.

Ɗan baƙin da dattijo ya ambata masana na kiran sa Piezotrachelus varius. Ya ɗara ƙwayar riɗi da kaɗan. Gabansa siriri, bayansa a kumbure. Macen ce ke huda ɗanyen kwanso da bakinta ta saka ƙwai, tsutsar da ba ta da ko ƙafa ta ƙyanƙyashe a ciki, ta yi ta cin ƙwaya har ta rikiɗa. Manomi ba ya ganin komai sai ranar sussuka.

Wurin da abin ya burge ni shi ne batun dangi. Masu dogon baki da aka rubuta sunayensu a duniya sun haura iri 60,000, kuma da gashin nan biyu na kansu, da suke shinshina da shi, ake fara rarrabe su. Na ƙwaron masara a lanƙwashe yake, na ɗan baƙin nan a miƙe. Wani Bajamushe, Herbst, shi ya sa wa zuriyar ɗan baƙin suna Apion a 1797. An daɗe ana ba su gida nasu na kansu, yanzu masana da yawa sun mayar da su gidan Brentidae, tare da ƙwaron da ke huda dankali. Shi kuwa na rumbu, wanda kowace uwargida ta sani, ba ya ma cikinsu: ba shi da dogon baki, danginsa masu cin ganye ne.

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Ni ban ga haka ba. Buhun nan mai ninki uku da ke hana iska shiga yana kashe na rumbu, amma ba ruwansa da ɓarnar da aka riga aka yi a gona. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar ta fitar a 2019, wata tsutsa mai suna Maruca aka yi shi dominta, ba waɗannan biyun ba. Wanda bai bambance su ba zai sayi maganin wani ya zuba wa wani.

Garin da almajirai suka saba tsayawa kan wasali ɗaya har sai ya zauna, ban yi mamakin samun irin wannan haƙurin a bayan ganuwarsa ba. Manomin da hanya ta kawo shi Zariya, ya sako ƙwaron gonarsa a 'yar kwalba, ya hau motar Samaru.