Kafin a taɓa kwamfutar bakin iyaka

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. A Illela, inda hanyar Sakkwato ke ƙetarawa zuwa Birnin Ƙonni, wannan hukunci ya shafi masu shagunan buga takardu da ejan-ejan da ke fito da kaya daga hannun kwastan. Da yawa daga kwamfutocinsu 'yan gwanjo ne, ba su da na'urar tsaro ta TPM 2.0 wadda Windows 11 ke buƙata. Ko a tilasta musu sabon tsarin, ko a koma Linux, kuma kowanne na iya shafe sassan faifan ajiya.

Mai shago yakan kwashe fayilolinsa cikin filashi, ya ɗauka ya gama. Takardun kaya na Turanci da na Faransanci sun tsira, amma manhajar da ke tafiyar da tsohuwar firinta da saitin da ya yi shekaru yana gyarawa ba su bi shi ba. Waɗannan sai an ɗauki hoton faifan ɗungurungum, har da ɗan sashen da ke tayar da kwamfuta.

Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan, kyauta ce. Daga filashi ake kunna ta, ba ta neman intanet, kuma wuraren da ke ɗauke da bayanai kaɗai take kwafewa. Sai dai tambayoyinta kan rikita baƙo, kuma a ƙa'ida ba ta mayar da hoto kan faifan da bai kai na asali girma ba. Rescuezilla tana karanta irin hotunanta, kuma allonta ya fi sauƙin bi. Idan an kulle faifan da BitLocker, a fara rubuta mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda. A kuma tanadi janareta, domin hoton da ɗaukewar wuta ta katse ba ya mayuwa.

Ɗan kasuwar Illela ya ga an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, saboda haka ba ya tara hajarsa a gefe ɗaya. Haka bayanai: kwafi ɗaya a shago, ɗaya a gida. Kafin a taɓa tsohon tsarin, a gwada mayar da hoton kan wani faifai, a ga kwamfutar ta tashi kuma firinta ta buga. Sai bayan nan ne za a ce akwai ajiya.