Gurbin da Aka Bari Babu Komai

Wani azumi da ya wuce, muryata ta hana mutane ƙarasa sahur alhali saura fiye da awa guda alfijir ya keto. Ina barci a gida lokacin. Shirin sahur na gidan rediyonmu ɗauka nake yi da yamma, a loda wa kwamfuta, ita kuma ta sake shi da kanta idan lokaci ya yi. A ƙarshensa nakan ce jama'a a kurkure baki, asuba ta gabato. Ran nan kwamfutar ta saki shirin da wuri. Da gari ya waye waya ba ta huta ba, har wata tsohuwa ta ce furarta tana hannu ta ajiye, ta wuni da yunwa saboda ni.

Yaron da ke mana gyaran na'urori ne ya gano dalili. Kwamfutar ɗakin watsa shirye-shirye tana ɗauke da Windows da Linux, kuma ba ta haɗe da intanet balle ta daidaita agogonta. A cikin kowace kwamfuta akwai ƙaramin agogo mai batirinsa, wanda ke tafiya ko an ɗauke wuta. Windows yakan ajiye lokacin gari a wannan agogo, shi kuwa Linux ya saba ɗauka cewa lokacin duniya na UTC ne a ciki. Nijar tana gaban UTC da awa ɗaya. Wani ya yi aiki da Windows da rana, da dare aka koma Linux, sai ya karanta lokacin Nijar a matsayin na duniya, ya ƙara masa awa guda.

"Tanti, gyaran bai kai minti biyu ba," in ji shi. "Gaya wa Linux kawai za mu yi cewa agogon ciki na gari ne."

Na ce, "Ƙanena, ta yaya ake gaya masa?"

Amsarsa ce ta sa ni karatun da ban yi ba a makarantar koyon aikin jarida. Zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, ita ke riƙe da lokaci. Manhajar da ke son saita agogo sai ta yi wani kira mai suna settimeofday, wanda Linux ya gada daga tsarin BSD na shekarun 1980. Kiran yana da gurbi biyu, na lokaci da na shiyyar lokaci. Abin da ake sawa a kowane gurbi manuni ne, wato adireshin wurin da bayanin yake a ma'ajiyar kwamfuta. Kanel ba ya yarda da adireshi haka kawai. Idan manhaja ta nuna masa wurin da ba nata ba, ko wurin da babu shi, sai ya ƙi karantawa, ya mayar da kuskure mai suna EFAULT. Idan adireshin daidai ne amma abin da ke ciki shirme ne, misali shiyyar da ta yi nisa da UTC fiye da awa 15, sai ya mayar da EINVAL. Ba don wannan bincike ba, da ƙaramar manhaja ɗaya ta isa ta kayar da na'ura duka.

Akwai hali na uku, wanda shi ne ya riƙe ni. Ana iya barin gurbi babu komai, a sa sifili a madadin adireshi, kuma kanel ya san ma'anar hakan. Idan bayan kunna na'ura kira na farko mai ɗauke da shiyya ya zo da gurbin lokaci babu komai, kanel yana fahimtar cewa agogon ciki na gari ne, sai ya matsar da lokacinsa gwargwadon shiyyar. A wurinmu lambar ita ce -60, domin ana ƙirga mintoci ne zuwa yamma da Girinwic, mu kuma muna gabas. An shigar da wannan dabara tun farkon zamanin Linux saboda masu haɗa shi da DOS a na'ura ɗaya, kuma ba a cire ta ba, tunda har yau akwai ɗakuna irin namu da suka dogara da ita.

A 2016 an kusa rasa ta ba da gangan ba. Tsarin yana ƙirga daƙiƙoƙi ne daga 1 ga Janairu 1970, kuma tsohon ma'aunin mai bit 32 zai cika a 2,147,483,647, wato ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14:07 agogon UTC, ƙarfe 4:14:07 na asuba a Yamai. Ana cikin aikin faɗaɗa ma'aunin zuwa bit 64 sai wani sauyi ya sa binciken ya riƙa ƙin duk kiran da gurbin lokacinsa ya zo babu komai. A ido abin ya yi kama da tsanaki, amma na'urori masu agogon gari suka fara tashi da lokacin da ba daidai ba. John Stultz, ɗaya daga cikin masu kula da sashen lokaci na kanel, ya aika gyara kafin a fitar da sigar 4.7: a ci gaba da bincikar lokacin da aka bayar, a kuma bar wanda bai bayar ba ya wuce kamar dā. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991, ya daɗe da kafa doka cewa sauyi a kanel bai kamata ya lalata manhajar da ke aiki jiya ba. Idan ya lalata, sauyin ne ke da laifi.

Da na karanta wannan sai na ji kunya, domin na taɓa yin irin sauyin nan da hannuna. Shekarar da aka ba ni teburin sanarwa, mun karanta wata sanarwar ɗaurin aure da sunan unguwa ba daidai ba, baƙi suka yi ta yawo a rana. Na fusata, na buga sabuwar takarda mai gurabe: suna, unguwa, rana, ƙarfe nawa. Na ce duk takardar da ta zo da gurbi ko ɗaya babu komai kada a karanta ta. Sati biyu bayan nan wani dattijo ya zo daga ƙauye da sanarwar sunan jikansa, ya biya kuɗinsa, ya koma. Gurbin lokaci babu komai, don haka aka ajiye takardar gefe. Bayan suna ya dawo, bai ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, me na yi muku?"

Na ce, "Baba, ba ku rubuta ƙarfe nawa ba."

Ya dube ni ya ce shekara talatin yana kawo sanarwa bai taɓa rubuta lokacin suna ba, don kowa ya san da sassafe ake yi, bayan an fito sallar asuba. Ƙannensa biyu da ke wani ƙauyen, waɗanda rediyo ce kawai ke kai musu labari, ba su zo ba. Mun mayar masa da kuɗinsa, amma sunan ya riga ya wuce.

Ban yi nadamar kafa bincike ba, domin baƙin da suka ɓata a rana su ma suna da hakki a kanmu. Kuskurena shi ne na rubuta dokar ban tambayi tsofaffin ma'aikata irin takardun da suka saba karɓa ba. Da na tambaya, da kowannensu ya gaya mini cewa takardar suna ba ta zuwa da lokaci. Na haɗa wanda ya rubuta ba daidai ba da wanda ya yi shiru saboda al'ada ta riga ta faɗa, na yi musu hukunci ɗaya.

Yanzu a teburinmu takarda kashi uku ce. Wadda ta cika daidai a karanta. Wadda ke da unguwar da babu ita ko ranar da ta wuce a nemi mai ita kafin ya bar ƙofa. Wadda ta bar lokacin suna babu komai a karanta ta yadda aka saba, a ce da safe. Mai zuwa da sanarwa a rubuce a takardar littafin makaranta ma ana karɓa, kamar yadda Linux, ko bayan sigar 5.6 ta 2020 ta shirya wa na'urori masu bit 32 tsallake 2038, bai rufe wa tsofaffin manhajoji tsohon kiransu ba.

Kwamfutar ɗakin kuwa yaron ya saita ta, kuma ba ta sake ƙara awa ba. Duk da haka, idan azumi ya kama, nakan tsaya bayan shirin dare na sake kunna ta, na duba agogonta na duba na bango kafin na tafi gida.