Daren da Na Ci Abinci a Wata Unguwar Biyana

Na sauka Biyana, babban birnin Ostiriya, a watan Nuwamba, lokacin da duhu kan rufa tun kafin ƙarfe biyar na yamma. Taro ne ya kai ni, kuma kwana uku na yi ban san ko'ina ba sai otal da zauren taro. A gida mun fi jin sunan birnin a bakin masu labarai, saboda nan ne hedikwatar OPEC tun 1965. Ran na huɗu sai ga ƙanen wani abokina da ke karatu a can. Ya ce, "Yaya, ai ba ka koma gida ba ka ɗanɗana girkin mutanen garin ba. Tashi mu je unguwarmu."

Jirgin ƙasa mai bin kan titi ya sauke mu a Ottakring, gunduma ta 16 cikin 23 da birnin ke da su. Muka ratsa kasuwar Brunnenmarkt, inda masu rumfuna, da dama Turkawa, ke ta kwashe kaya saboda dare. Muka karya wani lungu, ya tura wata ƙofar katako, ɗumi da ƙamshin man shanu suka tarbe mu.

Irin wannan ƙaramin gidan abinci na unguwa shi suke kira Beisl. Tebur bai fi takwas ba. An lulluɓe bangon da katako wanda ya yi duhu don daɗewa, an rubuta abincin ranar da alli a jikin allo. Uwar gidan, dattijuwa mai furfura, ta ce mana "Grüß Gott", gaisuwarsu mai ɗauke da sunan Allah, ta nuna mana inda za mu rataye rigunan sanyi. A kusurwa akwai wani tebur da tsofaffi huɗu suka kewaye suna karta. Ƙanen nawa ya raɗa mini cewa sunan teburin Stammtisch, na 'yan yau da kullum ne, baƙo ba ya zama sai an kira shi. Na ce ashe su ma suna da majalisa kamar tamu ta ƙofar gida.

Da ta zo jin abin da za mu ci, ya gaya mata da Jamusanci cewa ni Musulmi ne, ba na cin alade, kuma ina kiyaye yanka. Ba ta ɓata rai ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta bi allon da ni ɗaya bayan ɗaya. Ta ce shahararren abincinsu, Wiener Schnitzel, asalinsa naman maraƙi ne da ake bugawa ya yi faɗi, a tsoma a ƙwai da garin burodi a soya, amma gidaje da yawa na alade suke yi don ya fi araha, wasu kuma da kitsensa suke suya. Ta ba ni shawarar kifin ruwan dutse, ta ce za ta sa a soya shi da man shanu a kasko daban.

Aka fara kawo miyar kabewa mai kauri, an ɗiga mata wani mai kore-kore mai duhu da ake tatsa daga 'ya'yan kabewa a yankin Steiermark. Cokalin farko ya tuna mini da miyar taushen mahaifiyata, sai dai babu yaji. Kifin ya iso ɗungurungum, fatarsa ta soyu ƙayau, gefensa dafaffen dankali da yankin lemon tsami. A teburin kusa wani mutum na cin Tafelspitz, dafaffen naman sa cikin romo, wanda aka san Sarki Franz Joseph, da ya yi mulki daga 1848 zuwa 1916, da ƙaunarsa.

Na nemi ruwan gora, sai ɗaya daga cikin tsofaffin ya girgiza kai, ya ce in sha na famfo, domin tun 1873 ake janyo shi daga tsaunukan Alps zuwa birnin. Na kurɓa, sanyi ƙarara, babu ko ɗan warin magani. Daga nan hira ta ɓarke, har suka matsa mana wuri a teburinsu.

Daga ƙarshe ta kawo Kaiserschmarrn, wani fanke mai laushi da aka yayyaga aka barbaɗa masa sukari. Tana ajiyewa ta ce ta hana a zuba zabibi, saboda nasu a giya ake jiƙa shi. Ban tambaye ta wannan ba, ita ta tuna da kanta. Abin ya taɓa mini zuciya fiye da daɗin abincin. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Mun kai awa uku babu wanda ya yi mana alamar mu tashi, domin a can ba a kawo lissafi sai ka nema. Washegari na ziyarci fadar Schönbrunn, na ga ado iya ado, amma har yau in an ambaci Biyana fuskar dattijuwar nan nake fara gani. Mai karatu, duk ranar da Allah ya kai ka baƙuwar ƙasa, ka fita daga otal ka nemi inda 'yan unguwa ke cin abinci, ka faɗi abin da addininka ya hana ka ba tare da jin nauyi ba. A nan za ka san halin mutanen gari.