Kunne Ya Girmi Kaka

Matasanmu masu ɗaukar hira ta bidiyo a Kano sukan ƙarar da jarinsu a kan kyamara da fitilu, sai canjin da ya rage a sayi makirufo. A ganina lissafin a juye yake. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai duhu-duhu, amma da zarar murya ta dushe sai ya yi gaba.

Na daɗe ina ɗaukar hira da dattawa a Nassarawa GRA, yankin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Falukan gidajen nan suna da faɗi, ga tayil a ƙasa, ga bangon siminti, don haka murya kan daki bango ta dawo. Dogon makirufon nan da ake ɗauka na ƙwararru ne ya fi dacewa da fili. A irin wannan ɗaki yakan kwaso amsa-kuwwa. In ya zama dole, a ɗora shi kan sanda saman kan mai magana, daf da inda hoto ya tsaya, cikin mariƙi mai roba da ke shanye girgiza.

Ƙaramin da ake maƙalawa a ƙirji ya fi mini, kimanin taƙi guda daga baki. Sai dai shadda mai sitaci tana gogarsa, kuma ƙarar takan danne kalma. A maƙala shi inda riga ba ta motsi. Idan Hajiya ce za ta yi magana, namiji ba ya kai hannu ga mayafinta: ko a tafi da mace cikin ma'aikata, ko a koma ga sanda. Kafin a fara, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe tagar da ke fuskantar janareta, a saki labule, sannan mai ɗauka ya sa abin sauraro a kunne har ƙarshe.

Me ya sa na damu? Waɗanda suka ga naɗin Sarki Ado Bayero a 1963 da idonsu kullum raguwa suke yi. Dattijo ba ya maimaita labari yadda ya faɗe shi da fari, wani ma ba za a sake samunsa ba. Jikokinmu hotonsa za su gani, amma tarihin a muryarsa yake. Duk mai shirin ɗaukar hira, ya fara sayen abin da zai ji da shi.