Yatsa Nawa Ne Bakin Malafarka?

Mu nan Unguwar Gano, da maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, idan ana hirar hula kowa malami ne. Yaro ɗan aji ɗaya zai bambance maka zanna bukar da damanga tun daga nesa, ya kuma gaya maka wadda aka kai wanki da wadda ta kwana a ƙarƙashin matashi. Sai dai duk cikin hulunan nan da muke ji da su babu wadda take yi wa fuska inuwa. Aikinsu ado ne da cikar kamala. Mai yin inuwar ita ce malafa, ita kuwa mun sallama ta ga manoma da makiyaya da 'yan ga-ruwa. Ɗayanmu ya kuskura ya ɗora ta ya biyo Titin Zariya, kafin ya kai Kasuwar Tarauni an tambaye shi ina ya baro shanun.

Abin dariyar shi ne, ranar Hawan Daushe mu ne a gaba wajen tafi idan mahayi ya wuce da malafa mai adon fata a kan rawaninsa. Kuma mu ɗin ne dai muke zuwa Ƙofar Wambai mu tona dilar gwanjo muna neman 'yar malafar Turawa mai lotsattsen kai, don hoton sallah ko na ranar kammala makaranta. Sunanta fedora. Ta samo sunan daga wani wasan kwaikwayo da Bafaranshe Victorien Sardou ya rubuta, aka fara nuna shi a birnin Faris a 1882, Sarah Bernhardt ta fito a matsayin tauraruwarsa. Michael Jackson ya yi rawa da ita, Goodluck Jonathan kuma da wuya a ga hotonsa babu irinta a kansa duk tsawon mulkinsa daga 2010 zuwa 2015. Iyayenmu ba su wahalar da kansu wajen nema mata sabon suna ba. Malafa suka ce, kuma gaskiyarsu: ƙoƙo ne da baki kewaye da shi, ko an saƙa da kaba ko an matse da gashin zomo.

To, tunda dai duk malafa ce, tambayar da ta rage ita ce faɗin bakin. Nan ne mai saye yake tsayawa yana juya ta a hannu, mai kaya kuma yana ce masa ta yi masa kyau, kamar yadda ya gaya wa wanda ya gwada ta kafin shi.

Masu sana'ar fedora sun kasa bakinta kusan gida uku. Akwai ƙaramin baki, wanda bai wuce santimita 5 ba. Akwai matsakaici, wajen 6 zuwa 7, shi ne wanda aka fi gani a tsofaffin finafinan Amurka. Daga 7.5 zuwa sama kuma ana kiransa mai faɗi. Malafar makiyaya ta wuce duk wannan lissafi, don wata bakinta ya fi tsawon tafin hannu. Ba sai kun je kasuwa da rula ba. Katin cire kuɗi na banki faɗinsa santimita 5.4 ne, tsawonsa 8.6, kun ga ma'auni biyu a aljihu ɗaya. In babu kati, yatsu huɗu na babban mutum a haɗe sukan kai wajen 7.

Maganar ado ba mu da dogon bayani a kanta. Masu harkar suna cewa siririn mutum mai ƙananan kafaɗu ya guji faffaɗan baki, don kada ya koma kamar laima da mariƙinta, mai jiki da faffaɗar fuska kuma ya guji ƙarami, don kada ta zauna masa kamar murfin tukunya. Akwai gaskiya a ciki, amma madubi da ƙanwa mai faɗin gaskiya za su yi muku wannan aikin cikin minti ɗaya.

Maganar rana ita ce ke buƙatar zama. Ku ɗauko abin da malamin lissafi ya koya mana a kan alwatika mai kusurwar digiri 90, yau ga ranarsa. Bakin malafa shi ne layin kwance. Inuwar da yake saukarwa a fuska ita ce layin tsaye. Hasken rana shi ne layin da ya haɗa su a karkace. Idan rana tana digiri 45 sama da ƙasa kuma kana fuskantarta, tsawon inuwa daidai yake da faɗin baki: baki santimita 5, inuwa santimita 5. Idan ta hau zuwa digiri 60, sai a ninka faɗin da 1.73. Baki 5 ya ba da inuwa kusan 9, baki 7.5 ya ba da 13, baki 10 ya ba da 17. Yanzu kowa ya sa rula ya auna daga inda hula take zama a goshinsa zuwa ƙarshen hancinsa, sannan zuwa haɓarsa, ya ga inda inuwar kowane baki za ta tsaya masa. A rage wani abu kuma, domin hanci ya yi gaba ya bar fuska, shi rana take fara samu.

Yaushe ne ranar take a digiri 60 ɗin? Kano tana kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, rana tana tsayawa daidai tsakar kanmu, har mutum ya taka inuwarsa. Ba da sha biyu daidai take yin haka ba, sai wajen sha biyu da rabi, don agogon Najeriya ya ɗan riga ranar Kano. Daga nan tana gangarawa digiri 15 a kowace awa. Ke nan a watan Afrilu, da biyu da rabi tana wajen digiri 60, da uku da rabi tana wajen 45. Ku lura da lokutan: na farko shi ne sa'ar da muke tafe gida daga boko, na biyu sa'ar fita Islamiyya. Da tsakar rana tsaka ko ƙaramin baki yana rufe fuska, tunda hasken daga sama yake sauka. Wahalar tana ga wanda gidansu yake yamma da makaranta, yana tafe rana tana kallonsa ido cikin ido.

Lokacin hunturu ma akwai abin lura. A ƙarshen Disamba rana ba ta wuce digiri 55 ko da tsakar rana, tana karkace ta kudu. Sanyi da hazo suna sa mu manta da ita, amma a lokacin ne ƙaramin baki ya fi gazawa.

Ga hana-sallah kuma, wadda kusan kowannenmu yake da ita. Bakinta na gaba yana da tsawo, yana kare ido da goshi sosai. Kunne da ƙeya da gefen kumatu kuwa ko oho. Shi ya sa a Ostareliya, inda ciwon dajin fata ya yi yawa, ƙungiyarsu ta yaƙi da cutar, Cancer Council, ba ta lissafa ta cikin hulunan kariya. Abin da take ba babba shawara shi ne baki mai kewaye da kai wanda ya kai aƙalla santimita 7.5. A makarantun firamare da yawa na ƙasar, yaron da ya zo babu hula ba ya fita filin wasa, sai dai ya zauna a inuwa yana kallon 'yan'uwansa.

Wani zai ce wannan matsalar farar fata ce, mu Allah ya yi mana rigarmu. Gaskiya ne baƙar fata tana ɗauke da sinadarin melanin mai tare wani kaso na hasken da ke ƙona fata. Amma ido ba shi da wannan gata sosai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa yawan shan rana cikin abubuwan da ke taimaka wa yanar ido. Sannan ba dukanmu ne muke da rigar ba.

A layinmu akwai wani yaro zabiya da muka taso tare. Kowace bazara kunnuwansa da bayan wuyansa sukan yi ja, su sale, su warke, su sake salewa. Yana tafiya ido a runtse, hannu a goshi kamar mai gaida soja. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce doguwar riga, man kariya daga rana, da malafa mai faɗin baki, kullum. Mahaifinsa ya sayo masa ta kaba mai kyau, bakinta ya kai tafin hannu. Kwana uku ya yi yana sa ta. Yara suka sa masa suna, mai tsaron ƙofar makaranta kuma ya ce ba ta cikin yunifom. Sai ya koma hana-sallah, wadda ba ta jawo magana, kunnuwan suka ci gaba da salewa. Ga zabiya wannan ba ƙaramin abu ba ne: fatar da babu melanin, idan ta yi shekaru tana ƙonewa, ƙarshenta kan zama ciwon daji, kuma wuraren da ya fi kamawa su ne fuska da kunne da wuya, daidai inda bakin malafa yake rufewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai a kan zabiya, an fara a 2015. Mu a ganinmu, makarantar da ke da ɗalibi irin wannan ba sai ta jira Yuni ba. Takarda ɗaya daga ofishin shugaban makaranta ta isa ta buɗe masa ƙofa. Bakin yara kuwa ya fi saurin mutuwa idan suka ga manyan aji biyu ko uku, waɗanda ake ji da su a ƙwallo, sun shigo da tasu malafar a ka.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fi faɗi ya fi. Baki yana wuce santimita 10, iska ta samu abin wasa. Mai zuwa makaranta a keke ya san haka, haka ma wanda guguwar farkon damina ta taɓa tarewa a fili. A cikin adaidaita sahu, mutum uku a baya, bakin malafarka yana idon na kusa da kai. Makiyayi bai damu ba, don yana da fili kuma yana da igiya a haɓa. Ɗan makaranta mai tafiyar ƙafa, mu dai mun fi ganin 7 zuwa 8 ta dace da shi. Zabiya, da duk wanda zai wuni a gona lokacin hutu, ya nemi 10 ko fiye, ya ɗaure. 'Yan mata ma haka: hijabi ya rufe kunne da wuya, fuska da ido ne a waje, kuma mata masu aikin gona sun daɗe suna ɗora malafa a kan hijabi ba tare da wani ya ce uffan ba. Wanda kuma hoto kawai zai ɗauka a inuwar rumfa, ya sayi mai santimita 4 ɗinsa lafiya, amma ya san abin da ya saya.

Idan kun shiga Kasuwar Kurmi, bayan kun auna baki, ku ɗaga malafar sama ku kalli rana ta cikinta. In kun ga haske yana tsiyayowa ɗigo-ɗigo kamar ta rariya, saƙar ta yi sako-sako, kuma abin da ya ratso zuwa idonku zai ratso zuwa fatarku. Ku nemi mai matsattsiyar saƙa, ko ku kai wa tela ya shimfiɗa mata ƙyalle ta ciki. Fedorar gwanjo ta ulu an yi ta ne don sanyin Turai, a watan Afrilun Kano kuwa tukunya ce. Mai saƙar ganye ta fi shan iska. Kada ma ku raina saƙar: shahararriyar malafar nan da ake kira Panama, wadda a ƙasar Ekwado ake yin ta, da ganyen wani tsiro mai kama da kaba ake saƙa ta da hannu, kuma UNESCO ta sa sana'ar cikin kayan gadon duniya a 2012.

Sai ƙoƙon. Ku ɗora ta ku gwada zura yatsa ɗaya tsakaninta da goshi. In ya ƙi shiga, za ta sa ku ciwon kai kafin la'asar. In biyu suka shige, iskar farko za ta kai ta tsakiyar titi. Wadda ba ta da igiya, ku ce mai kayan ya sa mata kafin ku biya.