Gyara da Ƙari a Akwatin Gem

Kalmar gyara fuska biyu gare ta a bakin Bahaushe. Akwai gyaran da bakanike ko mai rediyo yake yi, wato a ɗauki abin da ya karkace a daidaita shi. Akwai kuma gyaran da mai saye yake nema wurin mai awo ko mai tumatir bayan an gama ciniki, ya ce, "A yi mini gyara," sai a ɗora masa ɗan wani abu a kan abin da kuɗinsa suka saya. Na farko daidaitawa ne, na biyu ƙari ne. Na daɗe ina kawo wannan misali a aji idan muna darasin ilimin ma'ana, amma aikin da ya haɗa ma'anonin biyu wuri guda, a kan wani ɗan akwatin wasa na gan shi, a cikin gidana a Nassarawa.

Asalin akwatin na kamfanin Nintendo ne na ƙasar Japan. A shekarar 1983 suka fitar da na'urar wasa da ake jonawa da talabijin mai suna Famicom, a 1985 kuma suka kai ta Amurka da sunan NES. Bayan shekaru talatin da ɗoriya, a watan Nuwamba na 2016, sai suka sake ƙera ta da siffarta ta dā, amma ƙarama, wadda tafin hannu yake ɗauka, suka zuba wasanni 30 a ciki, suka sa mata kuɗi kimanin dala 60. Murfin da ake sa kaset a tsohuwar yana nan a jikin sabuwar, sai dai zane ne kawai, ba ya buɗuwa. Ba ta hawa intanet, ba ta kuma da wata ƙofa da kamfanin ya bari domin a ƙara wani abu. Duk da haka mutane suka yi mata rubdugu, har aka sayar da miliyan 2.3 kafin a dakatar da ita a Afrilun 2017, aka sake fito da ita a tsakiyar 2018. Wasu kamfanonin suka bi sahu: Sony da wasanni 20 a 2018, Sega da wasanni 42 a 2019. Ƙanena ne ya kawo mana guda tsaraba daga wata tafiya, ya ce ta yara ce. Yadda ya zauna a kan kafet ya riƙe hannun wasan har aka kira magariba ya nuna yaran da yake nufi.

Mu a Kano ba mu san ta Nintendo ta ainihi ba. Abin da ya cika shagunan Sabon Gari a farkon shekarun 1990 kwaikwayonta ne, ƙirar Taiwan da Sin, da kasusuwansa rawaya da ake rubuta wa cewa wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara ne a ciki. In ka bi jerin sai ka tarar wasa goma ne ko ƙasa da haka, ana ta maimaita su da sabon suna, ko a fara maka daga wani mataki na daban. Kowa ya san ƙaryar, kowa kuma ya yafe ta. Idan kaset ya ƙi tashi sai a cire a hura masa iska a mayar. Idan NEPA ta ɗauke wuta kana gab da ƙarshe, to sai haƙuri, domin ba a ajiye wasa a dawo masa. Sunayen wasannin ma mu muka raɗa musu: mai tanka, mai agwagwa, mai babur. Wanda ya ƙi fassaruwa sai harshe ya tanƙwara shi, Contra ya koma Kwantira, kamar dai yadda aka sami kwantiragi, domin Hausa ba ta son cunkoson baƙaƙe, sai ta soka wasali a tsakani.

Da muka bi jerin wasanni 30 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, babu mai tanka, babu mai agwagwa, babu Kwantira sai ƙanensa da ake kira Super C. Amma akwai Tecmo Bowl, wasan ƙwallon Amurka wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita, abin da babu wanda ya san dokarsa a cikinmu. Mai tanka, wato Battle City na kamfanin Namco na 1985, ba a ma sayar da kaset ɗinsa a Amurka ba a wancan zamani, saboda haka ba ya cikin ƙuruciyar waɗanda aka yi jerin dominsu. Mai agwagwa kuwa bindigarsa ba ta aiki sai da tsohuwar talabijin mai ƙeya. Ashe abin da aka sayar mana tunawa da ƙuruciya ne, amma ƙuruciyar wasu.

Babban ɗana, wanda a lokacin yake shirin shiga jami'a, shi ya ce, "Baba, ai ana iya ƙara masa." Watanni biyu kacal bayan fitowar akwatin, a Janairun 2017, wasu masu sha'awa a ƙasar Rasha suka gano hanyar shiga cikinsa, wani da ake yi wa laƙabi da Cluster ya fitar da manhaja kyauta mai suna hakchi2 wadda ta sauƙaƙa aikin. Sirrin shi ne, akwatin ba tsohuwar na'ura ba ce da aka ƙanƙanta. Ƙaramar kwamfuta ce mai aiki da Linux, ƙwaƙwalwarta irin ta ƙananan kwamfutocin hannu ce ta kamfanin Allwinner na Sin, a cikinta kuma akwai manhajar da take kwaikwayon tsohuwar na'urar. Irin wannan ƙwaƙwalwa tana da wata ƙofar baya da masu ƙira suka bar wa kansu domin zuba mata manhaja. Ana haɗa akwatin da kwamfuta da igiyar USB, a danne maɓallin Reset, a kunna, sai ƙofar ta buɗe. Abu na farko shi ne a kwafe tushen manhajar na asali a adana shi, domin in an so a mayar da komai yadda yake. Sannan a zuba gyararren tushe, a jero wasannin da ake so, kowane da hoton kwalinsa, a tura. Ma'adanar megabait 512 ce, abin da ake iya amfani da shi wajen 300 ne, alhali Super Mario Bros. gaba ɗayansa, da kiɗansa da duniyoyinsa takwas, kilobait 40 ne. Wato ɗaki ne aka gina mai cin ɗaruruwa, aka zaunar da mutum talatin aka rufe. Wanda ya taɓa tsayawa a kan masu filashin na waya a Farm Centre ko titin Beirut ba zai ga wani baƙon abu a nan ba. Sai dai a lura, ire-irensa na jabu masu lamba 620 a kwali ba sa karɓar wannan aiki, domin cikinsu daban ne.

Cikin awa guda akwatin ya tashi da wasanni ɗaruruwa, an rarraba su jaka-jaka saboda allon zaɓi ba ya ɗaukar su a jeri guda. Ƙanena ya sami mai tankarsa, ni ma na sami tawa. Yara kuwa suka shafe mako suna buɗe wannan suna rufe wancan, ba wanda suka yi minti biyar a kai, daga baya suka tattara suka koma kan guda huɗu ko biyar. Kaset rawaya ya yi alkawarin dubbai ya ba da goma. Wannan ya cika alkawarin, amma goman dai aka buga.

Akwai maganar haƙƙi, kuma ba zan tsallake ta ba, domin duk malamin da ya taɓa wallafa littafi ya ga an jera hotonsa a shagon fotokwafi ya san zafinta. Masu fim na Kano ma sun sha kuka da 'yan dawunlodin da suke tura finafinansu a memori a kan kuɗi kaɗan. A ganina buɗe akwatin da ka saya da kuɗinka daban, kwaso wasan wani daga intanet daban. Na farko kamar ka sayi riga ka kai wa tela ya buɗa maka ita ne, ko da yake dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta taɓo har batun karya makullin da masu fasaha suke sa wa kayansu. Na biyu kuwa ɗaukar abin da ba naka ba ne, kuma kamfanin ba ya wasa da shi: a 2018 ya maka masu wasu shafuka biyu da suke raba tsofaffin wasanninsa a kotu a Amurka, aka ƙare a kan fiye da dala miliyan 12. Amma masu ƙarin su ma suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka taɓa sayarwa a Amurka ba sa kasuwa. Mai nazarin Hausa ya san irin wannan asara, don ya san yawan faifan waƙoƙi da littattafan da ba su tsira ba sai ta hannun wanda ya kwafa ba da izini ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a cikin ɗaruruwan nan babu ɗaya da yake magana da Hausa. Daga Ingilishi sai Japananci. An ƙara yawa, harshen dai na mai kaya ne. Alhali a wasu wurare masu wannan sha'awa sun wuce ƙarin adadi tuntuni. Final Fantasy V ya fito a Japan a 1992, wasu matasa suka mayar da shi Ingilishi da kansu suka gama a 1998. Mother 3 na 2006 haka ya samu fassara a 2008. Abin da suke rabawa ma ba wasan ba ne, ɗan fayil ne mai ɗauke da bambancin da suka shigar kawai, mai wasan ya ɗora a kan nasa.

Mu kuma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Daga gidana zuwa Gidan Ɗan Hausa tafiyar ƙafa ce. A nan Nassarawa Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa. Baƙaƙen nan 26 rufaffen akwati ne da aka ƙera domin wasu harsuna, babu gurbin ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa. An yi shekaru ana lallaɓawa da ɗigo a ƙasa ko ɗan waƙafi a sama, kafin a cikin shekarun 1930, zamanin R. M. East a Zariya, a tsayar da masu lanƙwasa. Kafin boko malaman ajami sun yi wa baƙaƙen Larabci irin wannan, suka ɗora ɗigo uku a kan ɗa mai hannu domin sautin tsa, suka yi amfani da ɗigo a ƙarƙashin harafi domin wasalin e. Gyara ne da ma'anarsa biyu.

Sai na tambayi ɗan nawa yadda rubutu yake zaune a cikin waɗannan wasanni. Ya nuna mini cewa na'urar ba ta san harafi ba, hoto ta sani. Kowane harafi ɗan murabba'i ne mai ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, an jera su a allo mai gida 256, kalma kuma jerin lambobin gidajen ce. In ka sāke zanen da yake cikin gida, harafin ya sāke ko'ina ya fito. Gidajen a cike suke da bulo da gajimare da bututu, ba wurin ƙari. Amma daidaitacciyar Hausa ba ta amfani da P da Q da V da X. Gida huɗu ke nan a banza, mu kuma baƙaƙe huɗu muke nema: Ɓ da Ɗ da Ƙ, sai Ƴ irin ta rubutun Nijar, wadda a nan ta fi tamu araha, don 'y gida biyu take ci.

Wahalar tana wajen tsawo. Kalmomin nan biyu da yara suke faɗa "gem oba" gurbi tara aka ware musu har da tazarar tsakani. "Wasa ya ƙare" gurbi 12 ne, bai shiga ba. Ɗana ya kawo "An ci ka", wanda shi ne ainihin abin da ake faɗa a dandalin dara da langa, gurbi takwas. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ni fa? Ai ni an ci ki ne." Ingilishi bai damu da jinsin wanda yake magana da shi ba, Hausa kuwa dole ta zaɓa, na'urar kuma ba ta san wanda ya riƙe ta ba. "An gama" ya shiga, amma ya yi kama da sanarwar tashi daga taro. Muka tsaya a kan "Ya ƙare", gurbi bakwai, ba namiji ba mace a wanda ake faɗa wa, ga kuma Ƙ a ciki da za mu gwada.

Zana Ƙ ɗin ya ci mana dare biyu. Harafin yana amfani da ɗigo bakwai ne a kowane ɓangare, na takwas tazara ce, saboda haka lanƙwasar ɗigo biyu kawai ta samu a saman hannun dama. In ta yi ƙasa sai ya koma R, in ta yi sama sai ya zama K da datti a kai. Muka riƙa zanawa a takardar lissafi mai gida-gida, muna turawa, muna komawa bakin ƙofar falo mu duba daga nesa. Zane na shida ne ƙaramar, wadda take aji uku a firamare, ta karanta daga inda take zaune ba tare da an gaya mata ba. Ɓ da Ɗ suna nan a takarda, don lanƙwasarsu ta hagu ce, kuma a can ne harafin da ya gabata yake tokare da su.