Laifin da na ɗora wa ɗana

Ƙanena da ke Faransa ya kawo wa ɗana motar wasa mai telekwamandi, irin mai injin gaske da ke shan man nitro. Ranar Lahadi muka fita fili da ita. Ta yi zagaye biyu lafiya lau, sai ta ƙi jin umarni, ta kwasa a guje har ta daki katanga. Nan take na hau yaron da faɗa, na ce gangancinsa ne. Bai ce uffan ba.

Da dare muka buɗe ta. Injin mai yake sha, amma na'urar karɓar umarni da servo biyu, wato ƙananan motocin da ke juya sitiyari da jan totur, batir ne abincinsu. Muka auna shi: maimakon volt 6, ko 4 bai kai ba. Muka sa sabo, sai yaron ya ce: "Baba, ji tana gurnani." Servo na totur ne ke kuka, alhali ba wanda ya taɓa komai. Sandar da ta haɗa shi da kafireta ta matse, yana ta kokawa da ita har ya shanye batir. Da wuta ta ƙare, totur ya tsaya a buɗe. Ni ne kuwa na ɗaure sandar da safe.

Muka sassauta ta, gurnani ya tsaya. Na ba shi haƙuri, ya yi murmushi kawai.

Washegari a lakwal, wata ɗaliba ta zo ba ta yi aikin gida ba. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tambaye ta abin da ya faru.